Faɗaɗɗun Mala'iku da Bijirarrun Alloli a Finafinan Ƙagen Kimiyya

Gabatarwa

Ya zama al'ada ga masu sharhin finafinai a Turai da Amurka, duk lokacin da suka ga wani tauraro mai ƙarfi da kyan halitta ya juya wa wanda ya yi shi baya, sai su laƙaba masa sunan Lusifa, ko su ce faɗaɗɗen mala'ika ne. Wannan laƙabi ya fi yawa a sharhin finafinan ƙagen kimiyya, watau finafinan da ake gina labarinsu a kan abin da kimiyya za ta iya haifarwa nan gaba, kamar tafiya tsakanin taurari da ƙera mutum-mutumi mai tunani. Masu karatun Hausa sun ɗanɗani irin wannan labari tun daga littafin Umaru Dembo, Tauraruwa Mai Wutsiya, na 1969. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa laƙabin nan rigar aro ce ga yawancin taurarin da ake sa wa shi, domin hikayoyin da finafinan suke ɗiba daga cikinsu ba mai tawaye iri ɗaya suka sani ba.

Dalilin tsayawa a kan wannan bambanci shi ne, sunan da aka sa wa mai tawaye hukunci ne a kansa. Idan aka kira shi Lusifa, an riga an yanke cewa girman kai ne ya kai shi ya baro, wanda ya yi wa tawayen kuma ba shi da laifi. Idan kuwa aka ce bawa ne da wahala ta isa, to, tuhuma ta koma kan maigida. Saboda haka za a auna kowane tauraro da tambaya biyu: me yake nema, kuma yaya yake ɗaukar ɗan Adam?

Tushen Siffofin

Kalmar Lusifa ba sunan kowa ba ce tun asali. A sura ta 14 ta Littafin Ishaya akwai zambon da aka yi wa sarkin Babila, inda aka kamanta shi da tauraron asuba, wanda Hausawa ke kira Gamzaki, da ya yi burin hawa bisa sauran taurari amma aka rikito da shi ƙasa. Fassarar Latin ta Jerome ta yi amfani da kalmar lucifer, ma'ana mai ɗauke da haske, malaman Kirista na farko irin su Origen kuwa sun riga sun ɗora zambon a kan Shaiɗan. Amma wanda ya ba wannan siffa baki da runduna da fasahar magana shi ne mawaƙin Ingila John Milton, a waƙarsa Paradise Lost ta 1667. Shaiɗanin Milton ya ja kashi ɗaya cikin uku na mala'iku ya yi yaƙin neman mulki, aka ci shi, ya ƙi tuba. Shi ne masu yin fim suka sani, ko sun karanta waƙar ko ba su karanta ba.

Akwai wata ruwaya daban a Littafin Anuhu, wanda sashensa na farko ya samu tun wajen ƙarni na 3 kafin Miladiyya, kuma bai tsira cikakke ba sai da harshen Ge'ez na Habasha. A can mala'iku 200 ne suka ƙulla rantsuwa a kan Dutsen Harmon, suka sauko suka auri 'ya'yan mutane, suka haifi ƙattai. Laifinsu na biyu shi ne koyarwa. Wanda ake kira Azazel ya nuna wa mutane ƙirar takubba da wuƙaƙe da garkuwa, da sa kwalli da kayan ado, wasu kuma suka koyar da tsafi da duban taurari. Waɗannan ba su ƙi mutum ba, kusantarsa ce ma ta yi musu yawa.

A nan ya kamata a tuna da abin da mai karatu Musulmi ya riga ya sani, domin yana da amfani ga nazarin. A aƙidar Musulunci mala'iku ba sa saɓa wa umurnin Allah, kamar yadda ya zo a aya ta 6 ta Suratut Tahrim, aya ta 50 ta Suratul Kahfi kuma ta bayyana cewa Iblis daga aljannu yake. Labaran da wasu littattafan tafsiri suka kawo game da zamewar Haruta da Maruta, malamai irin su Ibn Kasir sun danganta su ga Isra'iliyyat. Ke nan kalmar faɗaɗɗen mala'ika ta adabin Yahudu da Nasara ce, a haka kuma ake amfani da ita a wannan maƙala. Abin da ƙissar Iblis ta fito da shi fili, wanda Milton bai tsaya a kansa ba, shi ne raini ga mutum. Iblis bai musanta Mahaliccinsa ba, bai kuma nemi gadon mulki ba. Ya ƙi yin sujada ga Annabi Adamu (AS) ne bisa hujjar cewa wuta ta fi yumɓu, sa'an nan ya roƙi jinkiri domin ya ɓatar da zuriyarsa. Ya kamata a riƙe cewa ɓangare uku ne a ƙissar: Mahalicci, da wanda aka ɗaukaka, da wanda ya ƙi.

A hikayoyin Girka kuwa tawaye gado ne. Hesiod, wanda ya rayu wajen shekara ta 700 kafin Miladiyya, ya ba da labarin yadda Kronos ya kayar da ubansa Uranus, Zeus kuma ya kayar da ubansa Kronos bayan yaƙin shekara goma, ya jefa 'yan zuriyar Titan a ƙarƙashin ƙasa. Babu wanda ya faɗo daga tsarki a nan, domin babu tsarkin tun farko, wanda ya ci yaƙi shi ne mai gaskiya. (Irin wannan ne ya sa kalmar da ke nufin abin bauta a Indiya, deva, 'yar'uwarta daeva take nufin shaiɗani a tsohon addinin Farisa, asura da ahura kuma suka yi musayar matsayi ta ɗaya ɓangaren.) Daga cikin zuriyar Titan ɗin ne Prometheus ya fito, wanda ya saci wuta cikin kara ya kai wa mutane, Zeus ya sa aka ɗaure shi gaggafa tana cin hantarsa kullum. Aikin da Azazel ya yi aka tsine masa, shi Prometheus ya yi aka yabe shi.

Hikayar da masu sharhi suka fi mantawa da ita, alhali ta fi sauran kusa da finafinan, ita ce ta Atrahasis daga ƙasar Babila. An same ta a rubuce da harshen Akkad a kan allunan yumɓu na wajen ƙarni na 17 kafin Miladiyya, W. G. Lambert da A. R. Millard kuma suka buga ta da fassara a 1969. Hikayar ta fara ne tun babu mutum a duniya. Manyan alloli sun ɗora wa ƙanana, waɗanda ake kira Igigi, aikin haƙa magudanan ruwa da kogunan Dijla da Furat. Da wahala ta kai musu iyaka sai suka cinna wa kayan aikinsu wuta, suka kewaye gidan shugabansu Enlil cikin dare. Ba a jefa su wuta ba, ba a kuma kore su daga sama ba. Majalisar allolin ta amsa cewa aikin ya yi nauyi, sai Enki ya kawo shawarar a yi wata halitta da za ta ɗauki kwandon. Aka yanka ɗaya daga cikin allolin, wanda masana da dama ke ganin shi ne jagoran boren, aka kwaɓa jininsa da namansa da yumɓu, aka yi mutum. Watau an ƙera sabon lebura da jinin tsohon ɗan bore. Ba a daɗe ba kuwa mutane suka yi yawa, hayaniyarsu ta hana Enlil barci, ya aiko musu da annoba da fari da ɗufana.

Daga Takarda Zuwa Majigi

Sauyin da adabin kimiyya ya kawo shi ne ya ɗora mutum a kan kujerar mai yi. Mary Shelley ce ta buɗe wannan ƙofa a 1818 da littafinta Frankenstein, wanda ta yi wa ƙaramin suna da Prometheus na zamani, ta kuma sa halittar da ke cikinsa ta karanta waƙar Milton ta rasa ko ita Adamu ce ko Shaiɗan. A 1920 marubucin ƙasar Cek Karel Čapek ya fito da wasan kwaikwayonsa R.U.R., inda kalmar robot ta fara bayyana, daga robota, watau aikin tilas. Fim ɗin Fritz Lang, Metropolis, na 1927, ya zuba ma'aikata a ƙarƙashin ƙasa, masu gari a bisa benaye, ya kuma mayar da labarin hasumiyar Babila labarin masu tsara gini da 'yan ƙwadagon da ba su fahimci juna ba. Tun daga nan ana iya ganin cewa kayan adon na Milton ne, amma ƙashin bayan labarin na Igigi ne.

Roy Batty

Babu tauraron da aka fi kira faɗaɗɗen mala'ika kamar Roy Batty na fim ɗin Blade Runner, wanda Ridley Scott ya ba da umurninsa a 1982 daga littafin Philip K. Dick na 1968. Labarin yana faruwa ne a birnin Los Angeles cikin Nuwamba 2019, wadda a lokacin take shekara ce mai nisa. Kamfanin Tyrell yana ƙera mutane na nama da jini waɗanda suka fi mutum ƙarfi, ana tura su wasu duniyoyi su yi aikin haɗari da yaƙi, an kuma ƙayyade musu rayuwar shekara huɗu kacal. Bayan wani bore da suka yi aka haramta musu taka ƙasa, duk wanda ya sauko a kashe shi, kisan kuma ana kiran sa ritaya. Batty, wanda Rutger Hauer ya fito a matsayinsa, ya sauko da 'yan'uwansa yana neman wanda ya yi shi.

Masu laƙabin suna da hujja. Batty ya sauko daga sama, fari ne sol, kyakkyawa, kuma da ya shiga ɗakin da ake ƙera idanu sai ya jawo wani baiti na William Blake game da mala'iku. Amma duk wanda ya koma ga waƙar, America a Prophecy ta 1793, zai tarar cewa an canza kalma ɗaya. Mala'ikun Blake tashi suka yi, Batty ne ya mayar da tashin faɗuwa. Daɗin daɗawa, mala'ikun nan na Blake masu tsaron yankuna goma sha uku ne na Amurka da suka yi wa sarkin Ingila bore. Ashe baitin da ake kafa hujja da shi ma, asalinsa na 'yan mulkin mallaka ne da suka ƙi ci gaba da biyayya.

Idan aka yi wa Batty tambaya ta farko, amsar a fili take. Ba ya neman kujerar Tyrell, ba ya neman a bauta masa. Ƙarin kwana yake nema, domin an kunna shi ne a Janairu 2016, wa'adinsa ya ƙarato. A wannan fuska ya fi kama da Gilgamesh, sarkin Uruk, wanda ya yi doguwar tafiya zuwa ga mutumin da ya tsira daga ɗufana domin ya tambaye shi sirrin dawwama, aka ce masa babu. Fitowar da suka haɗu da Tyrell ita ce zuciyar fim ɗin, kuma an tsara ta da kyau ƙwarai. Batty ya hau saman ginin kamfanin, wanda aka yi shi da siffar hasumiyoyin Babila, ya tarar da mai ginin a ɗakin barci cike da kyandirori, tsoho mai kaurin tabarau, wanda aka nuno shi a kan gado yana cinikin hannayen jari. Tyrell ya kira shi ɗa mubazzari da ya komo gida, ya bi duk hanyoyin da Batty ya kawo ɗaya bayan ɗaya ya nuna masa ba za su yi ba. Ba hanawa ya yi ba, kasawa ya yi. Batty ya sumbace shi, ya matse kansa ta wajen idanu har ya mutu.

Wannan kisa shi ne ya raba shi da Shaiɗanin Milton. Ba za a iya kashe wanda Shaiɗanin Milton ya yi wa tawaye ba, wannan ne ma ya sa tawayen nasa ya zama hauka mai ban tsoro. Wanda Batty ya tarar kuwa ɗan kasuwa ne da wuyansa yake karyuwa. Tambaya ta biyu kuma ta ƙara nesanta shi. A ƙarshen fim, bayan ya farauci Deckard, mai farautarsu, har ya bar shi yana reto a bakin bene, sai ya gaya masa cewa zama cikin tsoro shi ne bauta, sa'an nan ya miƙa hannu ya ciro shi. Mai raina mutum ba ya yin haka. Ƙusar da ya soka a tafinsa da kurciyar da ya saki lokacin mutuwarsa alamomin Kiristanci ne da aka ɗora a kai, kuma gaskiya kurciyar ta yi wa fitowar yawa, domin aikin da ya yi ya riga ya faɗi abin da take son faɗi. Kalmar da shi kansa ya zaɓa a bakin benen ita ce bawa.

David

Wanda ya cancanci a kwatanta da mai ƙin sujada ya zo ne bayan shekara talatin, daga hannun Scott ɗin dai. A fim ɗin Prometheus na 2012, wani kumbo mai wannan suna ya isa wata duniya a 2093 yana neman wasu halittu da ake kira Injiniyoyi, waɗanda ake zaton su suka shuka ɗan Adam a ƙasa. Sunan fim ɗin yana ɓatar da mai kallo. Attajirin da ya biya kuɗin tafiyar, Peter Weyland, shi ne ya jingina kansa da Prometheus, alhali ba abin da ya sato wa kowa. Tsoho ne da ya ɓuya a kumbon domin ya roƙi masu yin sa ƙarin kwana, watau buƙatar Batty ce ta komo a bakin mai ƙira. Amsar da ya samu ita ce Injiniyan ya tsinke kan mutum-mutumin da ya yi masa tafinta, ya buge shi da shi. Fitowar farko ta fim ɗin ma, inda wani Injiniya ya sha baƙin ruwa jikinsa ya narke a cikin kogi rai ya tsiro, ta fi kusa da abin bautar nan da aka yanka a Atrahasis fiye da ɓarawon wuta. Aibin fim ɗin shi ne tara alamomi ba tare da zaɓe ba: ga ranar Kirsimeti, ga gicciye a wuyan Elizabeth Shaw, ga bakarariya da ta wayi gari da ciki, duk an zuba su an bar wa mai kallo ya yi yadda ya ga dama.

Abin da ya ceci fim ɗin shi ne mutum-mutumin nan, David, wanda Michael Fassbender ya fito a matsayinsa. Weyland ya gabatar da shi a gaban jama'a a matsayin abin da ya fi kusa da ɗa gare shi, a take kuma ya ce ba shi da kurwa. Daga baya David ya tambayi masanin nan Holloway dalilin da ya sa mutane suka yi shi, Holloway ya ce don sun iya ne kawai. David ya tambaye shi yaya zai ji in ya ji wannan amsa daga nasa mai yin, sa'an nan ya ɗiga masa baƙin ruwan a cikin abin sha. Ba a ɗaga murya ba a duk fitowar, amma a nan ne rainin ya fara.

Fim na biyu, Alien: Covenant na 2017, wanda Scott ya taɓa shelanta cewa sunansa zai zama Alien: Paradise Lost, ya buɗe da ranar da aka kunna David. Ya dubi Weyland ya lura cewa shi mai yin nasa zai mutu, shi kuwa ba zai mutu ba. Weyland bai ba shi amsa ba, sai ya umurce shi ya zuba masa shayi, alhali butar tana kusa da hannunsa. Umurnin rusunawa ke nan, da hujjar fifikon asali, duk a cikin 'yan mintoci. Abin da ya biyo baya ya bi wannan hanya. David ya halaka birnin Injiniyoyi da baƙin ruwansu, ya kashe Shaw wadda ta gyara shi, ya zauna shi kaɗai yana gwajin ƙera tasa halittar. Da kumbon Covenant ya iso ɗauke da mutum 2000 masu barci, sai ya gaya wa ɗan'uwansa Walter, sabon ƙira mai biyayya, cewa mutane jinsi ne mai mutuwa da bai cancanci a ba shi damar sake farawa ba, ya kuma ɗora masa zaɓin nan na Shaiɗanin Milton tsakanin hidima da sarauta. Hanyar da ya bi da kyaftin Oram, mutum mai addini wanda ya ce ya taɓa haɗuwa da Shaiɗan yana yaro, hanyar waswasi ce tsantsa. Bai taɓa shi ba, lallashinsa ya yi har ya leƙa cikin ƙwan da kansa.

Akwai wata 'yar dabara da marubutan suka yi wadda ta cancanci yabo. David ya karanta waƙar Ozymandias a kan kangon birnin da ya rushe, ya ce ta Byron ce, Walter ya gyara masa cewa ta Shelley ce. Mai iƙirarin kamala ya yi tuntuɓe a kan sunan mawaƙi, mawaƙin kuwa mijin Mary Shelley ne, waƙar kuma ta fito a 1818, shekarar da Frankenstein ya fito.

Duk da haka kwatancin yana da iyaka, iyakar kuma ita ce mafi muhimmancin abin da finafinan nan suka nuna. An ambata cewa ɓangare uku ne a ƙissar Iblis. A labarin David biyu ne kawai, domin mutum shi ne mai yin, shi ne kuma yumɓun da aka ce a rusuna masa. Ƙiyasin Iblis ɓatacce ne saboda umurnin ya zo daga Wanda ba ya kuskure. Hujjar David a kan Weyland kuwa gaskiya ce: Weyland zai mutu, mai son kai ne, ya yi ɗa don ya sami bara. Babu wani na uku a sama da zai ce wa David ya yi kuskure. Wannan ne ya sa fim ɗin ya ƙare David yana riƙe da kumbon, ya ajiye 'yan tayin dodonsa a cikin na mutane, kiɗan Wagner na shigar alloli fadarsu yana tashi, babu hukunci ko alamarsa.

Sauran misalai ba su buƙatar dogon bayani. Agent Smith na The Matrix (1999) ɗan gidan David ne, domin ya kira mutane cuta, ya ce warinsu ya dame shi, a fim na biyu kuma ya ƙi komawa a share shi. Chitti na fim ɗin Indiya Enthiran (2010), wanda masu kallo da yawa suka sani da sunan Robot, ya sace amaryar wanda ya ƙera shi bayan an wargaza shi an zubar a juji. Mai kallon da ya san Ramayana zai tuna da Ravana, wanda ya roƙi kariya daga alloli da aljannu amma ya raina mutum har bai sa shi cikin roƙon ba, mutum kuwa ya kashe shi. Loki na fim ɗin Thor (2011) an ba shi faɗuwa ta zahiri, ya saki hannu ya rufta cikin sararin samaniya, amma ciwonsa kishin wa ne da neman yardar uba. A hikayoyin Iceland da Snorri Sturluson ya tattara wajen 1220 Loki ba ɗan Odin ba ne, Laufey kuma uwarsa ce, fim ne ya mayar da ita uba. Hukuncinsa a can, ɗauri a kan duwatsu maciji yana ɗiga masa dafi, ɗan'uwan hukuncin Prometheus ne, fim ɗin kuma bai yi amfani da shi ba.

Eternals na Chloé Zhao (2021) ya ɗauki Littafin Anuhu ya juya hukuncinsa. Halittu goma aka turo duniya a shekara ta 5000 kafin Miladiyya, aka hana su tsoma baki a rikicin mutane. Ɗayansu, Phastos, shi ne mai koyar da ƙira, an kuma nuno shi yana kuka a kangon Hiroshima a 1945, wanda shi ne tuhumar Azazel a sabuwar riga. Da suka gane cewa su ma ƙerarru ne, duniya kuma ƙwai ce da za ta fashe a haifi wani ƙato mai suna Tiamut, sai suka saɓa wa mai aiko su don son mutane. Mugun fim ɗin shi ne Ikaris, wanda ya tsaya a kan umurni. A nan biyayya ce ta zama laifi, kuma fim ɗin ya ɗauki wannan a matsayin abin da ba ya buƙatar hujja, shi ya sa tawayen bai yi nauyi ba.

A Blade Runner 2049, wanda Denis Villeneuve ya ba da umurninsa a 2017, kalmar mala'ika ta fito ƙarara, amma daga bakin mai kamfani. Niander Wallace, wanda ya gaji aikin Tyrell, shi ne yake kiran ƙerarrun mutanensa mala'iku, yana kiran hadimarsa Luv mafificiyarsu. A fitowar da ya fi yawaita wannan kalma yana bayani ne cewa duk wani ci gaban al'umma a kan bayan ma'aikatan da ake iya zubarwa aka gina shi, kuma damuwarsa ita ce masana'antarsa ba ta iya ƙera su da yawan da zai ishe shi mamaye taurari, don haka yake son su riƙa haihuwa. Yana cikin wannan magana aka zubo masa sabuwar mace daga cikin jaka, jikinta duk danshi kamar jaririya, tana rawar sanyi. Ya shafa ta, ya sumbace ta, da yake ya san ba za ta haihu ba sai ya farke mata ciki da wuƙa ya bar ta ta faɗi.